Inda Hannu Ke Kamawa: Daga Aberdeen Zuwa Jimeta

Ƙarar ce ta fara kirana. Wata Asabar da hantsi ina shanyar kaya a bayan gida, a unguwarmu da ke gefen birnin Aberdeen, arewa maso gabashin Sikotlan, sai na jiyo gurnanin injin iska daga garejin maƙwabcina. Ya yi gurnani ya yi shiru, can sai "fis, fis, fis", gajeru a jere. Duk wanda ya tashi a Jimeta ya san wannan ƙara tun bai san sunan injin ba. Ita ce ke tashi daga rumfar mai faci a bakin tashar Jambutu da shataletalen Mubi da hanyar Numan, tun sassafe har bayan magariba. Na ajiye kayan na leƙa, ina sa ran ganin taya kwance a ƙasa. Sai na tarar da dattijon, wanda ya yi ritaya daga aikin haƙo mai a teku, ya ɗaure wata siririyar sandar ƙarfe a jikin bencinsa, yana zura mata hular roba da iska.

Sandar golf ce, wasan da wasu 'yan jaridarmu ke kira ƙwallon lambu. A ƙasar nan ba na masu hannu da shuni kaɗai ba ne. Nan ce mahaifarsa. Tun a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta taɓa hana shi, don yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbi da baka, kuma kulob ɗin Royal Aberdeen na garin nan ya samo asali tun 1780. Akwai filaye na kowa da kowa a bakin teku, inda direban bas da ɗan fansho ke biyan abin da bai taka kara ya karya ba su buga. Don haka ganin mutum yana gyaran sandarsa a gareji kamar ganin magidanci ne a zaure yana duba ƙotar fartanya kafin ruwan farko.

Gaɓa uku gare ta: kai mai dukan ƙwallo, da jiki wanda siririn bututu ne na ƙarfe ko na zaren kabon, sai mariƙi. Mariƙin roba ne mai siffar kube, tsawonsa ya ɗan haura taƙi guda, nauyinsa wajen giram 50. Bakinsa ɗaya a buɗe yake, ɗayan a toshe, in ban da wata 'yar huda kamar ta ƙusa. Dokar wasa ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14, kowacce da nata mariƙin, kuma duk tsawon sandar nan ne kawai jikin ɗan wasa ke taɓawa. Idan robar ta yi sulɓi, hannu kan ƙanƙame ta ba da sanin mai shi ba. Da an ƙanƙame kuwa, wuyan hannu ya sandare, bugu ya karkace.

Dattijon ya fara nuna mini yadda aka saba yi. A sa wuƙa mai ƙugiya a tsarge tsohon mariƙi daga baki har ƙarshe, a yar. A kankare tsohon salatif, a naɗa sabo mai danƙo ciki da waje. A tsiyaya masa wani ruwa ɗan'uwan kananzir, a zuba a cikin sabon mariƙin ma a girgiza. Ruwan kan kashe danƙon na ɗan lokaci, to a cikin wannan 'yar tazarar ake tura robar ta shige, a daidaita ta da fuskar kan sanda kafin ta kama. Daga nan a jingine sai bayan sa'o'i, wasu ma sai gari ya waye. In saiti ya kuɓuce maka, ba gyara sai wuƙa. In kuma jikin sandar na zaren kabon ne, wuƙar da ta ɗan zarce na iya yi masa tabon da wata rana daga nan zai karye.

Sai ya ce, "To ɗana, yanzu dubi wannan." Ya ɗauko wata sandar, ya naɗa mata salatif na takarda irin na masu fenti, wanda bayansa ba danƙo. Ya ɗan jiƙa bakin mariƙi, ya ɗofana shi a kan bututun kamar gaɓar yatsa guda. Ya cusa siririn bakin bindigar iska a 'yar hudar nan ta baya, ya tallafe bakin robar da hagu, ya taɓa kunama. Ina kallo robar ta ɗan tasa kamar jijiyar wuya, ta yi ƙugi, ta zame gaba. Sau uku ya taɓa, kowanne bai wuce ƙiftawar ido ba, sai ga mariƙi ya zauna daram. Ya kanne ido ɗaya ya duba, ya ga ya ɗan kauce. Ya ƙara masa iska kaɗan, ya juya shi da yatsu biyu, ya saki. Ya miƙo mini ya ce in murɗa. Na murɗa iya ƙarfina, ko gezau.

Sirrin ba mai nisa ba ne. Ramin mariƙi ya ɗan fi bututun tsukewa, saboda haka robar da kanta take matse shi. Shi kuma bututun cikinsa rami ne, ƙasansa a toshe da gam a cikin kan sanda. Iskar da aka tura ba ta da mafita, dole ta dawo ta bi tsakanin roba da ƙarfe, ta ɗaga robar kaɗan, ta zame mata shimfiɗar da za ta sulale a kai. Da an saki kunama iska ta fice, roba ta koma ta damƙe. Ba wari, ba jira. Mutum na iya sa mariƙi yanzu, ya wuce fili ya buga.

Wajen cirewa ne na ga ya canza fuska. Wanda aka sa da iska, iska kan fitar da shi lafiya lau, a adana ko a mayar wa wata sandar. Mai gardama shi ne wanda aka manne da salatif mai danƙo. Kafin ya taɓa irin wannan sai da ya sa tabarau, ya zuro wani guntun bututun famfo ya rufe mariƙin gaba ɗaya. Na tambayi dalili. Ya ce inda danƙo ya ƙi saki, iska kan taru wuri guda, robar ta hura kamar balan-balan. Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani tsohon mariƙi, gefensa a tsage kamar an bi da reza. A hannunsa ya fashe shekarun baya, kunnensa ya wuni yana amsawa. Ya ajiye shi ne don tuni. Tun daga ranar ba ya fara aiki sai ya dubi agogon da ke jikin injin, ya rage ƙarfin iskar, kuma ba ya danne kunama ya daɗe.

Shi kansa mariƙin roba baƙo ne a wasan. Iyayen wannan dattijo da fata suka buga, siririn yanki da ake naɗawa a karkace, irin naɗin da dukawanmu ke yi wa ƙotar wuƙa da bulala. Wani mai masana'antu a jihar Ohio ta Amurka, Thomas Fawick, shi ya kafa kamfanin Golf Pride a 1949 a kan mariƙin roba, a 1953 kuma suka fito da wanda ake zurawa kamar safa. Da Tommy Bolt ya lashe gasar US Open ta 1958 da irinsa, fata ta fara ja da baya. Yanzu har akwai kamfanoni irin su Pure Grips na jihar Arizona da ke ƙera nasu musamman don a sa da iska.

Ina tsaye a garejin, amma hankalina ya riga ya koma bakin Binuwai. A gida mun daɗe da sanin cewa haɗa mariƙi da kayan aiki ilmi ne, sai dai da wuta da ruwa muka san shi. Ina yaro kawuna yakan tafi da ni maƙera kafin faɗuwar damina. Maƙeri ya tura tsinin fartanya cikin garwashi, yaronsa na zuga, har ya yi jajawur, sannan ya kafa shi a kan ƙota ya danna. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin itace ya cika rumfa, ƙarfen ya ci wa kansa rami daidai jikinsa. Ba ƙusa, ba gam. In hunturu ya busar da itacen har ƙarfen ya fara girgiɗi, sai a tsoma kan a kwarya ya kwana cikin ruwa, itace ya sha ya kumbura ya sake damƙewa. Baduku kuwa da jiƙaƙƙiyar fata yake naɗi, don ya san tana bushewa za ta tsuke. Dabararsu ɗaya da ta maƙwabcina: a samo abin da zai buɗe hanya na ɗan lokaci, a shigar, a bar kayan su kama junansu.

Da keke da babur suka zo da nasu mariƙin na roba, makanikanmu suka samo masa fetur. A zare tiyon mai a ɗiga kaɗan cikin robar, a girgiza, a tura ta kan ƙarfe, a bi ta da dukan tafin hannu. Fetur ya bushe, roba ta kama. Wajen cirewa a cusa sukundireba ta ƙarƙashi a ɗiga mai, in ta ƙi a sa reza. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sau tari taku goma ne tsakanin inda ake wannan fama da injin mai faci. A nan Turai masu gyaran keke sun daɗe suna cusa bakin bindigar iska a ƙarƙashin roba su zare ta cikin daƙiƙa, ba wuƙa, ba mai kusa da taba sigari.

Bambancin farko da na lura da shi tsakanin nan da gida na mallakar iskar ne. Injin maƙwabcina kwance yake ƙarƙashin benci, sau biyu ko uku yake tashi a shekara. In tayar motarsa ta yi sanyi, gidan mai zai je, ya jefa kwabo ko ya ɗora kati a jikin na'ura, ya danna lambar da yake so, ta cika ta yi ƙara, ya tafi bai gaisa da kowa ba. A Jimeta injin iska gona ne. Ƙaramin inji mai shan fetur, da bel, da tanki, a kan ƙarfe mai ƙafafu da ake turowa da safe a mayar da dare: shi ke ciyar da gida, shi ke riƙe da yara biyu ko uku masu koyon aiki. Tun da aka hana acaɓa a cikin gari zamanin Gwamna Murtala Nyako, Keke Napep ya cika tituna, kowanne da tayoyinsa uku, kowace taya da ranar da za ta nemi mai faci. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, iskar ma sai da ta ƙara kuɗi. Bahaushe kan kira abin banza iska, amma mai faci ya san iska tuwo ce. Rumfarsa kuma majalisa ce, kana jiran faci ya kama kana jin labarin gari.

Wajen kilomita 24 kudu da inda nake zaune akwai garin Stonehaven, mahaifar Robert William Thomson, wanda ya yi rajistar taya mai iska a 1845. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi, shi ma haifaffen Sikotlan, ya sake ƙirƙiro ta a Belfast saboda keken ɗansa, ya yi mata rajista a 1888. Duk lokacin da jirgin ƙasa ya ratsa da ni ta Stonehaven nakan tuna mutumin da ke durƙushe ƙarƙashin dogon yaro a Doubeli, yana juya tif cikin bahon ruwa yana neman inda kumfa ke fita. Shi ne har yau yake taɓa wannan ƙirƙira da hannunsa kullum.

Bambanci na biyu na lokacin canji ne. Masu ƙera mariƙi suna ba da shawarar a sauya duk shekara, ko bayan zagaye 40 na wasa. Na leƙa kwandon sharar dattijon na ga robobin da in a gida ne ba su ma fara aiki ba. Mu kuwa tsohon tif ba ya mutuwa. A yanka shi siri-siri a naɗe ƙotar adda da ta guduma, a ɗaure kaya a bayan keke, a ɗinka guga, yara su yi danƙon harbi da ragowar. A nan kam mun riga su. Abin da ya fi burge maƙwabcina a hanyar iska shi ne ba ya yanka abin da zai iya cirewa da ransa, yana faɗa mini haka kamar sabon ilmi. Iyayenmu tattali suke kiransa, kuma da shi suka raine mu.

Sai dai tattalin namu yakan wuce iyaka, har hannu ya biya abin da aljihu ya ƙi biya. Wannan ya kawo ni bambanci na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: awo. Kafin dattijon ya zaɓi mariƙi sai ya riƙe sanda ya dubi hannunsa na sama. In yatsun tsakiya sun ɗan taɓa tudun babban yatsa, daidai ne. In sun nutse ciki, mariƙin ya yi siriri. In ba su kai ba, ya yi kauri. Kauri hawa-hawa ake sayarwa, tsakanin madaidaici da mai bi masa wajen milimita ɗaya da rabi ne, kuma ana iya cike tsakani da ƙarin zagayen salatif. Shi mai kauri da laushi yake sawa, domin yatsunsa sun ji jiki. Ya nuna mini yadda suke yin fari fat in sanyi ya kama su, sakamakon shekarun da ya yi yana riƙe injina masu karkarwa. Tun 2005 akwai doka a Birtaniya da ta ƙayyade yawan karkarwar da hannun ma'aikaci zai sha a rana. Ta zo bayan nasa hannun ya riga ya lalace, shi ya sa ba ya wasa da zancen.

Yana magana ina tuna ɗan kawuna da ke tuƙa Keke Napep tsakanin Jimeta da cikin Yola. Zuwana gida na ƙarshe na zauna kusa da shi a gaba, daga kasuwar zamani har Wuro Hausa. Robar hannunsa na dama ta cinye har ƙarfe na leƙowa, ya naɗe wurin da tif da tsumma. Rana ta gasa ƙarfen, injin na kaɗa kan keken ba tsayawa. Da muka tsaya na kama tafinsa, duk kanta. Ya ce da dare yatsun kan yi masa kamar ba nasa ba, sai ya yarfa su kafin barci ya zo. Na ce ya sauya robar mana. Ya yi murmushi ya ce, "Hamma, ai hannu ya saba." Wannan amsa ta biyo ni har ƙetaren teku. Mai buga ƙwallo sa'o'i huɗu a mako don nishaɗi an auna masa mariƙi har milimita. Mai riƙe kan keke daga asuba zuwa isha don ciyar da iyali, abin da ya fito daga kwali shi ne rabonsa.

Ba wai awon ba namu ba ne. Manomin Geriyo in ya je sayen ƙota ba ya ɗaukar ta farko. Zai damƙa, ya jinjina, ya kai sara a iska, ya ce wa masassaƙi ya ɗan rage nan. Yaro ma da tasa 'yar fartanyar daidai hannunsa. Kayan kwali ne suka zo da girma ɗaya, muka karɓa ba tambaya, muka manta cewa mun taɓa zaɓe. Haka zancen yake a wajen iskar taya. Da yawa cikin masu facinmu da babban yatsa suke awo, ko su ƙwanƙwasa da ƙarfe su saurara, masu geji kuma wani gejin ya tsufa har allurarsa ta gaji. Kunnensu na da kaifi, na shaida, amma a watan Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kwalta ta fi haka, iska kuma in ta ɗumama buɗewa take yi. Tsagaggen mariƙin da ke saman kantar dattijon ƙaramin misali ne na abin da ke samun taya a hanyar Numan, illa dai ita da rayuka a kanta.

Masu golf a garinmu 'yan kaɗan ne. Wasan sandar da Yola ta fi sani shi ne na kan doki, wato folo. Amma golf ya daɗe a Arewa, kulob ɗin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma ƙarancin ruwa ya sa filayenmu da dama suka daɗe suna zagaye rami da yashi mai gauraye da mai a maimakon ciyawa. Wanda ke bugawa a Yola, inda rana da gumi da ƙurar hunturu ke saurin busar da roba, ba ya buƙatar sayen inji. Siririn baki na bindigar iska yake buƙata, da mai facin da injinsa ke da abin rage ƙarfi. Yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka ma sana'a ce a gabansu da za su koya cikin yini guda. Amma ba don su kaɗai nake wannan magana ba. Injin nan yana kowace kwana a Jimeta, gwanintar ma tana nan. Abin da ya rage shi ne geji mai gaskiya, da tabarau a fuskar yaron da ke riƙe tiyo, da yarda cewa hannun mai neman halali ya cancanci a auna masa abin da zai riƙe.

Makon da ya biyo bayan Asabar ɗin nan na sayi bakin bindigar iska da geji sabo. Da dattijon ya ji Jimeta za su, ya yanko mini guntun bututun nan, ya haɗa da tabarau guda, ya ce in gaya wa mai facin kada ya danne kunama ya daɗe. Saura robar kan keke. A shago na tsaya gaban iri-iri, masu kauri da sirara, na rasa ta ɗauka, domin hannun da zai riƙe ba ya wurin. Sai na kira ɗan kawuna na ce ya shimfiɗa tafinsa a kan takarda, ya zagaye da biro, ya ajiye kwalin ashana a gefe don in gane girma, ya turo mini hoto ta WhatsApp. Ya yi dariya ya ce, "Hamma, hannun nawa kuma?" Bayan isha hoton ya shigo. Takardar daga littafin makarantar 'yarsa aka yago ta, layin biron ya ɗan karkace wajen babban yatsa, a tsakiya kuma ga tabon baƙin mai inda tafin ya kwanta. Da shi na koma shago washegari.